An rufe Dunia, ba a buɗe mana wata ba

Akwai sunaye a Akara, babban birnin Gana, da kowa ke kwatance da su, amma kaɗan ne cikin waɗanda ba su kai shekara talatin ba suka san asalinsu. Ka aiki yaro Opera, ya san wurin masu sayar da wayar lantarki da fanka da ƙwan fitila kake nufi. Ka ce masa Orion, zai nufi Sakul, shataletalen Kwame Nkrumah. A Nima kuwa har yau dattijo zai ce maka gidan wane yana bayan Dunia. Duka ukun a da gidajen sinima ne, kuma ba su kaɗai ba ne: akwai Rex da Roxy da Globe da Regal da Royal da Plaza, da babban yayansu Palladium a tsohon gari wajen James Town. Wasu sun zama coci, wasu sun zama rumbun ajiye kaya, wasu kantuna, wasu kuma suna nan a kulle ruwa na cin katakonsu.

Maganata a nan guda ce. Akara ta bar zaurukan taruwa na unguwanni sun mutu ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauka babban gini guda a tsakiyar ma'aikatun gwamnati ya isa ya maye gurbinsu duka. Bai isa ba. Kuma mu mutanen zango mun fi kowa yin asara a wannan musaya, sannan mun fi kowa yin shiru a kanta.

Wanda ya ɗauka waɗannan gine-gine wurin kallon fim ne kawai bai san tarihin garin nan ba. Ɗauki Palladium. Ɗan kasuwa Alfred Ocansey ne ya gina shi a shekarun 1920, ana fim, ana rawa, ana wasan barkwanci a kan dandamalinsa. A ranar 20 ga Fabrairun 1948 a cikinsa ne tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu suka taru, jagororin neman 'yanci J.B. Danquah da Kwame Nkrumah suka yi musu jawabi a kan haƙƙinsu da gwamnatin Turawa ta danne. Bayan kwana takwas, ranar 28 ga wata, suka yi tattaki zuwa fadar gwamna a Osu, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a mararraba. Garin ya kama da wuta, aka tsare shugabanni shida, daga nan tafiyar neman 'yanci ba ta ƙara komawa baya ba. Yaranmu suna haddace sunayen mutum ukun nan a makaranta, amma ba mai nuna musu zauren da aka fara ƙulla maganar. Kuma ina so ɗan zango ya tuna cewa rundunar da waɗannan tsofaffin sojoji suka fito daga cikinta cike take da mutanen arewa, Hausa ce harshen bariki a wancan zamani. Ba tarihin wasu ba ne muke kallo daga nesa.

Haka Opera. A watan Mayun 1956, lokacin da mai busa ƙahon nan na Amurka Louis Armstrong ya zo Akara, ya yi wasa a cikinta, Nkrumah na zaune cikin masu sauraro. A bakin teku kuma akwai zauren al'umma na Accra Community Centre, inda aka yi babban taron al'ummun Afirka a Disambar 1958, taron da Patrice Lumumba ya halarta kafin ya koma Kongo ya zama abin da ya zama. A wata ƙasar da irin waɗannan wurare suna da allo a ƙofa, da mai gadi, da ranar da ake kawo 'yan makaranta. Mu nan sai mai tsananin son tarihi ne zai nemo su, in ya samo kuma zai ga tsufa da rashin kulawa sun riga shi isa.

Amma ba don manyan baƙi nake kewar gidajen nan ba. Don talakan unguwa nake yi. Ka zauna da dattawan Nima ko Mamobi ko Sabon Zango bayan la'asar ka ambaci sinima, hira ta samu. Za su gaya maka yadda ake layi tun rana ba ta faɗi ba, yadda mai tsire da mai rake da mai gyaɗa ke kafa teburansu a bakin ƙofa, yadda fim ɗin Indiya guda zai yi makonni ana cika gida, mutanen da ba su jin kalma ɗaya ta harshen su fito suna rera waƙar daga farko har ƙarshe. Mai ɗan kuɗi ya zauna a baya ƙarƙashin rufi, mai sisin kwabo ya zauna a benci a gaba, sama a buɗe, in hadari ya taso kowa ya san inda zai ruga. Bahaushe da Bazabarme da Bakotokoli da Bayarabe da Badagombe da ɗan Ga duk a benci ɗaya, dariya ɗaya. Ran da ba fim, 'yan wasan kwansat sukan zo, masu yawo gari-gari da motarsu da kayan kiɗansu, su fara da waƙoƙin hailaif, su yi barkwanci, sannan su shiga dogon wasan kwaikwayo har tsakar dare a kan maraya da kishiyar uwa, ko ɗan ƙauye da ya zo birni aka yi masa wayo. Labaran da kowane ɗan zango ya sani a jikinsa ke nan.

Na taɓa leƙa cikin ɗaya daga waɗannan tsofaffin gidaje, wanda yanzu ake ajiye kaya a ciki. Katangar da ake haska fim tana nan, faɗi da tsawo, farin fentinta ya koma ruwan ƙasa, kwalaye sun kai rabinta. In ka juya baya ka ɗaga kai za ka ga 'yan ƙananan tagogi a jere can sama, inda hasken na'ura ke fitowa. Daɓen ya ɗan gangaro daga baya zuwa gaba domin kan wani kada ya tare wa wani. Ƙofofin gefe suna da faɗi yadda ɗaruruwan mutane za su fita cikin 'yan mintoci. Wanda ya zana ginin nan ya yi tunanin jama'a, ya yi tunanin idonsu da kunnensu da lafiyarsu. Irin wannan tunani shi ne ba mu da shi a gine-ginen unguwanninmu na yanzu, inda duk wanda ya sami fili sai ya jera shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama.

Mutuwarsu ba ta zo rana ɗaya ba. Tattalin arziki ya karye a ƙarshen shekarun 1970, kuɗin waje na shigo da fina-finai da kayan gyaran na'ura ya yi wuya. Sai dokar hana fitar dare bayan juyin mulkin 31 ga Disambar 1981, wadda ta ɗauki fiye da shekara biyu. Sana'ar da duk cinikinta na dare ne ba ta jure wannan. Makaɗa da yawa suka bar ƙasar, suka nufi Legas da Abijan da Jamus. Kafin a farfaɗo, bidiyo ya shigo, kowane lungu aka buɗe ɗakin kallo da talabijin guda da benci biyar. A 1996 gwamnati ta sayar da kashi 70 cikin ɗari na kamfanin fina-finai na ƙasa ga wani kamfanin Malesiya, wanda hankalinsa ya fi karkata ga tashar talabijin, daga nan ne TV3 ta fito. Gidajen sinima suka zama marayu. Masu su na kasuwa kuwa suka yi abin da kowane ɗan kasuwa zai yi, suka ba wanda zai biya haya.

A nan ina so in yi adalci, domin na sha jin 'yan uwa suna cewa coci-coci ne suka cinye sinimomin Akara. Ba su cinye ba, a yashe suka same su. Suna buƙatar babban zaure mai dandamali, suna da jama'ar da ke haɗa kuɗi kowane mako, suka karɓa. Gaskiya ma ginin da ya faɗa hannunsu ya fi samun rufi da fenti a kan wanda aka bari a kulle. Tambayar da ta dame ni ita ce, lokacin da suke karɓa, mu muna ina? Gwamnati tana ina, majalisar birni tana ina, attajiran zango suna ina?

To, za a ce ai an gina Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa. An gina, kuma ni ba na raina shi. Ƙasar Sin ce ta gina shi, aka buɗe a ƙarshen Disambar 1992, farin gini mai kama da jirgin ruwa a mahaɗar titin Independence da titin Liberia. Babban zaurensa na ɗaukar mutum kusan 1,500. A cikinsa ƙungiyoyi uku na ƙasa suke zaune: ta raye-rayen gargajiya, ta kaɗe-kaɗen da Philip Gbeho ya kafa a 1959, da ta wasan kwaikwayo mai suna Abibigromma. A shekarun 1990 wasan kwansat na kamfanin sabulun Key ya dawo da talakawa cikinsa, su Bob Okala da Nkomode suna sa mutane dariya har da hawaye, ana nunawa a talabijin. A 'yan shekarun nan kuma marubucin wasan kwaikwayo Ebo Whyte ya nuna cewa in ka riƙa kawo sabon wasa a kan kari, mutanen Akara za su sayi tikiti su cika kujeru. Duk wannan abin yabo ne.

Akwai kuma abin da ya kamata kowane ɗan zango ya sani game da ginin nan. Cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka har aka kafa shi akwai Mohammed ben Abdallah, Musulmi haifaffen Kumasi, marubucin wasan kwaikwayo, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi da al'adu a zamanin gwamnatin soja ta PNDC. Ɗaya daga cikin fitattun wasanninsa a kan shari'ar wani malami ne, Malam Iliya. Saboda haka mai cewa dandamali ba namu ba ne, na 'yan kudu ne ko na 'yan boko, ya sake bincike.

Sai dai ginin ya zo da tsada tun ranar farko. A filin da yake tsaye akwai ƙaramin gidan wasa da marubuciya Efua Sutherland ta kafa, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1960, an tsara shi kamar tsakar gida, sama a buɗe, masu kallo sun kewaye masu wasa yadda yara ke kewaye mai tatsuniya. Aka rushe shi domin a sami wurin babban gini, daga baya aka gina kwafinsa a jami'ar Legon. A ganina wannan rushewa ta nuna yadda masu mulki ke kallon al'amarin har yau: babba guda ya fi ƙanana da yawa, na tsakiyar birni ya fi na cikin unguwa. Ƙidayar 2021 ta ce yankin Akara da kewaye na da mutum fiye da miliyan 5 da dubu 400. Kujera 1,500 me za ta yi musu? A zaɓen 2016 an yi alkawarin gina manyan gidajen wasa a hedikwatocin sauran yankuna, mutanen Tamale da Wa da Bolga za su iya gaya maka abin da suka gani. Ko a cikin wannan alkawari ma, ba a yi zancen unguwa ba.

Daga Nima zuwa Gidan Wasan Ƙasa ba wata tafiya ba ce, in babu cunkoso minti kaɗan ne a mota. Amma ka lissafa wa uwa mai 'ya'ya huɗu kuɗin tikiti biyar, da kuɗin mota zuwa da dawowa da dare, ga wasan da Turanci ko Tuwi ake yi, ga ba ta san kowa a wurin ba. Ba za ta je ba, kuma ba ta yi laifi ba. Ƙungiyar samari da ta rubuta wasa da Hausa ita ma ba ta iya kama babban zaure, in ma ta kama ba ta iya cika shi. Haka sinimomin zamani da ke cikin manyan kantuna, tun daga wanda aka buɗe a Accra Mall: suna da sanyi da kujeru masu taushi, amma an yi su ne don mai mota.

To ina muke yin namu wasan? A kan titi. Duk wanda ya halarci walimar saukar karatu ko maulidin makarantar Islamiyya a zango ya san yadda abin yake. A toshe layi da benci, a kafa kanofi uku ko huɗu, a jera kujerun roba, a ɗaure labule da igiya tsakanin sanduna biyu. Yara sun yi wata biyu suna bita da malaminsu bayan karatun yamma. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta ɗaura zanen kakarta, an shafa mata hoda a gira ta zama tsohuwa, za ta yi wa ɗanta faɗa a kan ya bar makaranta ya bi abokan banza. Ta haddace kowace kalma. Makirufo ɗaya ne, ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu, saboda haka duk wanda ba ya riƙe da shi bakinsa kawai ake gani yana motsi. Janareta na ruri a bayan labule. Daidai inda tsohuwar za ta fashe da kuka, mai babur ya matsa hon yana neman a ɗage masa benci ya wuce. Na baya ba su ji komai ba, sun koma hirarsu. Uwarta ta miƙe tsaye da waya a sama tana ɗauka, tana cewa a yi shiru don Allah. In hadari ya haɗo kuwa, shi ke nan, a kwashe lasifika a gudu. Na ga irin wannan yarinya ta sauko tana share hodar fuskarta, ba ta san ko ta yi kyau ko ba ta yi ba, domin ba wanda ya ji ta sosai balle ya gaya mata. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Baiwa ce Allah ya ba ta, mu kuma mun kasa ba ta katanga huɗu da rufi na awa ɗaya.

Na san abin da wasu iyayenmu malamai za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. A wurinsu sinima gidan lalacewa ne. Suna da hujja. A can yara da yawa suka koyi shan taba da abin da ya fi taba, a can ake faɗan daba, akwai wanda ya saci kuɗin cefanen uwarsa don tikiti, akwai wanda magariba da lisha suka wuce shi yana layi. Mahaifin da ya hana ɗansa zuwa Dunia a wancan lokaci yana kare shi ne. Ina girmama wannan. Amma Allah gafarta malam, abin da aka guda a sinima yau yana cikin aljihun kowane yaro, a wayarsa, shi kaɗai a ɗaki, ba babba a kusa. Rufe zauren bai kawar da kallo ba, ya dai kawar da idon jama'a daga kan mai kallon. Zauren da ke cikin unguwa, wanda dattawan unguwa suka san mai riƙe da mabuɗinsa, wanda ake tsayar da komai in an kira salla, wanda mata ke da ɓangarensu in sun so, ya fi wannan kaɗaici aminci nesa ba kusa ba. Kuma makarantunmu da kansu sun riga sun yarda da wasan kwaikwayo a matsayin hanyar wa'azi, shi ya sa ba a walima sai da shi. Mu al'umma ce ta baki da kunne tun asali. Waƙoƙin Hausa na malamin nan Alhaji Umaru na Karaci ta nan Gana, wanda ya rasu a 1934, an rubuta su ne da ajami don a rera a gaban jama'a. Mai kalangu da mai goge da mai bege da mandiri duk masu dandali ne. Raye-rayen Dagomba irin su takai da bamaya suna cikin abin da ƙungiyar rawa ta ƙasa ke nunawa baƙi a babban zaure, alhali jikokin masu rawar suna Nima da Madina ba su taɓa ganin an yi ta a kan dandamali ba.

Laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne. Muna da alhazai masu hali, muna da 'ya'ya a Jamus da Amurka da Italiya da ke turo kuɗi, muna da ƙungiyoyin samari a kowane lungu masu sunaye da riguna iri ɗaya. In ginin masallaci ne, kafin ka ce kwabo an tara siminti, kuma Allah ya saka wa masu yi da alheri. Babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ya nuna cewa in al'ummar nan ta sa abu a gaba tana samun masu taimaka mata. Amma ka ce a haɗa kuɗi a gina zauren da yara za su yi wasa da muhawara da gasar karatu, sai a dube ka kamar ka zo da zancen banza. Sai ranar bikin 'yar wani babba ta zo, a tafi can wata unguwa a kama zaure da kuɗi masu yawa.

A 2017 majalisa ta kafa Asusun Raya Zango. Cikin abin da aka fi gani a ƙarƙashin wannan tafiya akwai filayen ƙwallo masu shimfiɗar ciyawar roba. Ban ƙi su ba ko kaɗan. Shahararren ɗan ƙwallon nan Mohammed Kudus ɗan Nima ne, kuma duk yaron da ke buga ƙwallo a lungu yanzu ya san hanyar a buɗe take. Amma ba kowane yaro ne ɗan ƙwallo ba, kuma kusan dukan filayen nan maza ne ke morarsu. Nima ɗin nan ita ta fitar da mawaƙan VIP, waɗanda suka sa Hausar zango cikin waƙoƙin da duk Gana ta yi rawa da su, kuma bikin salla da suka riƙa shiryawa a kan titi ake yinsa, domin babu inda za a sa jama'ar. Masu shirya fina-finan Hausa na nan gida suna gama aiki su ɗora a YouTube, ba su taɓa zama a bayan zaure sun ji inda mutane suka yi dariya da inda suka yi tsit ba. Mai wasan da bai taɓa jin numfashin masu kallo ba, da wuya ya san inda zai gyara.

Abin da nake nema ba gagarumi ba ne. Da farko a san abin da ya rage. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta fi ba da ƙarfinta ga ganuwoyin Turawa na bakin teku, waɗanda UNESCO ta sa cikin jerinta tun 1979, kuma sun cancanta. Amma ginin da talakan Akara ya yi dariya da kuka a cikinsa shekara hamsin shi ma tarihi ne. A bi su ɗaya-ɗaya a rubuta: wane ne mai shi, me ake yi a ciki, yaya lafiyar katangarsa. Waɗanda suka fi muhimmanci, irin su Palladium da Rex, a sa musu dokar da za ta hana a wayi gari a ga katafila a kansu. Rex ma an gwada: a 2013 mai shirya fina-finai Akosua Adoma Owusu ta yi gangamin tara kuɗi don farfaɗo da shi. Ƙoƙarin mutum ɗaya yana iya share wuri ya yi fenti ya kunna fitila na ɗan lokaci, amma biyan mai gadi da kuɗin wuta shekara da shekaru aikin hukuma ne. Kuma yanzu da ake maganar sake fasalin bakin teku a ƙarƙashin aikin Marine Drive, ya kamata a fito a faɗa wa jama'a a sarari me zai sami tsofaffin wuraren al'adu da ke wannan yanki.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna: zaure a cikin zango. Kujera ɗari uku sun isa. Dandamali mai ɗan tsayi, ɗaki biyu a baya na sauya kaya, ɗaya na maza ɗaya na mata, fitilu, makirufo da ya wuce ɗaya, fankoki, banɗaki mai ruwa, wurin alwala. In akwai tsohon gidan sinima da za a iya saya ko a karɓa haya na dogon lokaci, ya fi, domin an riga an gina shi don wannan aiki kuma sunansa na cikin bakin mutane. In babu, a nemi fili, ko a hau saman wani ginin gwamnati da ke unguwar. Na san ƙasa ta yi tsada a Nima, amma ana samun ta in za a gina shaguna.

Ginin ma shi ne mai sauƙi. Abin da ke kashe irin waɗannan wurare a ƙasar nan shi ne riƙo. In aka bar shi a hannun ɗan siyasa, zai zama ofishin jam'iyya, in gwamnati ta sauya a kulle shi. In aka bar shi a hannun mai neman riba kawai, kowace Asabar da Lahadi biki ne da suna, yara ba za su ga ƙofarsa a buɗe ba. Biki da suna su ne za su biya kuɗin wuta da gyara, wannan gaskiya ne, a bar su su shigo. Amma a rubuta tun farko cewa wasu ranaku na mako na makarantu ne da ƙungiyoyin wasa, kyauta ko da ɗan abin da ba zai gagara ba. Kwamitin riƙo ya haɗa wakilin sarkin zango, da na limamai, da malaman makaranta, da mata, da su masu wasan kansu, a riƙa karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a sau ɗaya a shekara. Su kuma ƙungiyoyi ukun da ke Gidan Wasan Ƙasa, albashinsu daga harajin kowa yake fitowa, har da na mai sayar da waken Nima da mai koko a Sabon Zango. In akwai zaure, babu dalilin da zai hana su zuwa su yi wasa a unguwa ko sau ɗaya a wata uku, su zauna da malaman da ke shirya wa yara wasan walima su nuna musu yadda ake tsara fitowa da shiga da sarrafa murya.

Nima tana mazaɓar Ayawaso ta Gabas, Mamobi tana Ayawaso ta Arewa, Sabon Zango tana Ablekuma ta Tsakiya, Madina tana da tata kujerar. Duk mai neman waɗannan kujeru sai ya zo gaisuwa wurin sarakunanmu da limamanmu, da azumi kuma ya aiko da shinkafa da sukari. Muna roƙonsu kwalbati da fitilun titi da aikin yi, kuma duk muna buƙata. Ina roƙon shugabannin makarantun Islamiyya, su da suka fi kowa sanin wahalar kanofi da janareta, su haɗa kai su rubuta takarda guda, su sa hannu, su kai wa majalisun ƙananan hukumomin nan da ofishin Asusun Raya Zango, da kwafi ga kowane ɗan takara. A sa adadin kujeru, a sa wuraren da ake ganin za su yiwu, a sa sunayen waɗanda suka yarda su riƙe amanar wurin. Ƙungiyoyin samari kuma su ɗauki nauyin bin takardar ofis-ofis har a ba da amsa a rubuce.